Antatika: ba don direban tarakta ba, da babu binciken

Duk lokacin da aka tayar da maganar kuɗin binciken Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke kudancin duniya, sai ka ji ana ƙorafin cewa mai da jiragen sama da albashin makanikai ne ke lashe kaso mafi tsoka, kimiyyar kuwa sai abin da ya rage. Lissafin nasu ba ƙarya ba ne. Hukuncin da suke yankewa a kansa ne ban yarda da shi ba.

Tashar Amundsen-Scott ta Amurka, wadda ke can ƙuryar kudancin duniya tun 1956, ba ta ganin saukar jirgi daga tsakiyar Fabrairu har ƙarshen Oktoba, sai in larura ta kai maƙura. Mutum arba'in da wani abu ne ke yin hunturu a ciki, akasarinsu masu kula da janareta da famfo da girki. Man da ke riƙe da ransu daga tashar McMurdo yake zuwa, tafiyar kilomita 1,600 a kan ƙanƙara. Ayarin taraktoci ke jan sa cikin manyan salkunan roba da aka ɗaure a kan faifan leda mai santsi, su yi sama da mako uku suna rarrafe. Motar madugu na gaba da na'urar rada a bakin doguwar sanda, tana lalubo ramukan da dusar ƙanƙara ta rufe wa baki. In janareta ya mutu a watan Yuli, tsakiyar hunturu a can, na'urar IceCube mai farautar nutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke ratso sararin samaniya, da aka binne a ramuka 86 masu zurfin mita 2,450, ta zama kayan kallo, kuma ba ita ce za ta fi damun mutanen ciki ba.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana tashar Halley ta Birtaniya. Tun shekarun 1950 ake auna iskar ozon, wadda ke tare haskoki masu illa na rana, a can, aiki mai gundura, yau kamar jiya. Sai a 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka bayyana cewa ozon ɗin saman Antatika na zaizayewa sosai duk watan Oktoba. Bayan shekara biyu aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke cinye ozon. Me ya ba masanan uku damar gani? Alƙaluman kusan shekara 30 a jere, wato shekara 30 jirgin ruwa na kai abinci da mai ba fashi. Da wani minista ya ga almubazzaranci ne ya datse kuɗin a 1975, da babu abin da za a kwatanta da shi.

Masu cewa a bar wa na'urori masu sarrafa kansu aikin suna da tasu gaskiyar, don rai ya fi alƙaluma. A 2017 tsagewar ƙanƙara ta sa aka ja gine-ginen Halley kilomita 23, aka kuma daina barin mutane su yi hunturu a wurin. Awon ozon ya samu giɓi, sai daga baya aka girka ƙaramin injin wuta da ke ciyar da na'urorin ba kowa a kusa. Ya yi aiki, babu musu. Sai dai injin nan mai yake sha, kuma duk shekara idan rana ta dawo bayan duhun hunturu dole a tura injiniyoyi su duba shi, su cika masa tanki.