Baduku ma yana da suna

A nan Faransa inda nake zaune, ba a rataya aikin mai fasaha a bango sai an manna 'yar takarda a gefensa: sunansa, garinsu, shekarar da ya yi aikin, da abin da ya yi shi da shi. Ranar buɗe baje koli kuma a miƙa masa makirufo ya faɗi abin da ke ransa. 'Yan Afirka da na saurara a irin waɗannan wurare kusan duk gida suke komawa da magana: zanen da kakarsu take ɗaurawa, tsakar gidan da suka yi rarrafe, waƙar da ake musu a goye. Ina jin daɗin sauraronsu ƙwarai. Sai dai duk lokacin da aka tafa musu, hankalina yakan tafi Marwa, a arewacin Kamaru, wurin majema da dukawan da suka tsufa a kan aiki ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suke tunawa.

Wanda bai taɓa tsayawa a majemar Marwa ba zai ɗauka jima aikin ƙarfi ne kawai. Ilimi ne. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare ta, a mayar da ita cikin ruwan bagaruwa, a shafe ta da mai, a yi ta murza har ta yi laushi. Majemi da ɗan yatsa yake gane fatar da ta nuna da wadda ke son ƙarin kwana. Daga nan sai hannun baduku: jan karan dafi, baƙin kuloko, yanka da saƙa da ɗinki, har a fitar da alabe, kube, takalmi, jaka, da kayan dokin da ake ƙawata hawan Lamiɗo da su ranar Sallah. Barebari da Hausawa da Fulani sun daɗe suna gadon wannan aiki a garin, kowane gida da irin zanensa. Tsoho zai kalli jaka daga nesa ya ce wannan aikin gidan wane ne. Amma juya jakar ciki da waje, ba za ka ga sunan kowa ba.

Na san dalili. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma sana'ar gado ta gida ce, ba ta mutum ɗaya ba. Akwai kyau a cikin wannan kunya, ban so ta ɓace. Amma ta ci mu. A 2018 wasu masana biyu, Felwine Sarr da Bénédicte Savoy, sun miƙa wa Shugaba Macron rahoto kan kayan tarihin Afirka da ke Faransa. A gidan tarihi na Quai Branly da ke Faris kaɗai, Cadi ce ta zo kan gaba da kaya sama da 9,000, Kamaru kuma sama da 7,000. A 2023 wani binciken ya ƙirga kayan Kamaru fiye da 40,000 a gidajen tarihin Jamus. Ka shiga ka karanta takardun da ke gaban gilashi: sunan ƙabila, sunan yanki, sau da yawa har da sunan Baturen da ya kwaso kayan. Wanda ya zauna ya yi aikin da hannunsa, shiru. Wannan laifin 'yan mulkin mallaka ne, ba musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mu ma yau haka muke yi. Hotunan gidajen Gawi, kusa da Njamena, sun cika intanet, ana yaba adon bangonsu, amma da wuya ka ga an ambaci matan Kotoko da suka zana su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan yawon buɗe ido kusa da Waza, arewa da Marwa, a Fabrairun 2013, sannan bama-bamai suka tashi a Marwa a Yulin 2015, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Kasuwar masu aikin hannu, wadda da su ta dogara, ta yi sanyi. Takalmin roba ya fi araha. Yaron da ya kamata ya zauna gaban babansa yana koyon yanka ya gwammace ya hau babur ya yi haya, kuma ban ga laifinsa ba, cikinsa zai ciyar. Duk tsohon da aka kai makwanci, zanen gidansu ya bi shi.

Duniya kuwa tana son jin labarin yankinmu. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa, ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020 da labarin matan arewacin Kamaru. Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeche ta ƙasar Cadi, ya karɓi kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010. Ina alfahari da su. Amma su suna da Faransanci da alƙalami da kyamara. Baduku Hausa gare shi da Fulatanci, sai basilla.

Don haka maganata ga ƙannenmu masu zane, masu ɗaukar hoto da masu tsara tufafi nake yi, musamman waɗanda ke waje irina da ɗaliban Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008. Idan za ka tsaya gaban jama'a ka ce aikinka daga gadon kakanni ya fito, faɗi wace kaka. Idan fatar Marwa ce a jakar da kake sayarwa a Faris ko Duwala, rubuta sunan majemin da na badukun, kuma su ga amfanin sunan a aljihunsu. Ban ce mu ɗauko “ni, ni” na Turawa mu dasa a gida ba. Ba zai yi mana kyau ba, kuma dattawan ba za su karɓa ba. Muna da namu tsarin. Malamanmu in sun ba da karatu sukan ce na ɗauka wurin wane, shi kuma wurin wane. Haka ya dace a rubuta wa mai sana'a: aikin wane, ɗan gidan wane, wanda ya koya a hannun wane. Ta haka sunan mutum ya fito, gidan ma bai ɓace ba.

Wasu za su ce dattawa ba sa son a tona sirrin sana'a. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne. Ba haɗin rini za ka je nema ba. Ka je da sallama da goro, ka zauna ƙasa, ka ce: “Baba, wa ya koya maka? Wane zane ne na gidanku? Me aka daina yi da kuke yi a da?” In ya yarda, ka kunna waya ka naɗa da harshen da ya ga dama. Ka bar wa 'ya'yansa kwafi kafin ka tafi da naka.