Idan tankar mai ta faɗi, ba lokacin ɗauko jarka ba ne

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku mazauna garuruwan bakin titi, da 'yan acaba, da masu adaidaita sahu, da 'yan bumburutu. Maganar nan tamu ce, domin duk lokacin da aka jera gawarwaki bayan gobarar tanka, mafi yawansu sa'o'inmu ne da ƙannenmu.

Daren Talata 15 ga Oktoban 2024 tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mai ya malala cikin lambatu, mutane suka fito da bokitai da jarkoki. Da wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, adadin kuma ya yi ta hawa a asibitoci kwanaki bayan nan. Kabari ɗaya aka haƙa wa da yawansu. Wata uku kacal tsakani, ranar Asabar 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a jihar Neja, fiye da mutum 80 suka tafi. Hukumomi sun ce janareta aka tayar ana ƙoƙarin juye man zuwa wata tankar. Kafin su, a watan Mayun 2019, 'yan uwanmu na Yamai sun binne fiye da mutum 50 bayan irin wannan gobara a kusa da filin jirgin sama. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

Na san amsar da wani zai ba ni: talauci ne. Ban musa ba. Litar da ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba kafin a cire tallafi a Mayun 2023, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, ya ga jarka mai lita 25 za ta ba shi abin da ba ya samu a mako, ba sai shaiɗan ya sha wahala da shi ba. Amma akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba game da fetur, kuma rashin sanin nan ya kashe mutane fiye da yadda yunwa ta kashe.

Ba ruwan man da kake gani a ƙasa ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Fetur ba ya jiran zafin rana kafin ya fitar da tururi, ko a tsakiyar hunturu yana fitarwa. Tururin nan ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, kamar yadda ruwan sama ke neman gangare: ya cika lambatu, ya shige ƙarƙashin kwalbati, ya kwanta a rami, ya bi ta ƙarƙashin ƙofar shago. Ido ba ya ganinsa. Idan ya isa wurin murhun mai shayi, ko garwashin mai tsire, ko guntun sigarin da wani ya yar, wutar za ta biyo shi da gudu har inda tankar take. Shi ya sa za ka ji waɗanda suka tsira suna cewa, "Wallahi ba wanda ya ƙyasta ashana a wurin." Gaskiya suka faɗa. Ba sai a wurin ba. Babur ɗin da aka zo da shi aka bar shi a kunne ya isa. Bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya ba da tartsatsi ya isa. Wayar batirin ita kanta tankar da ta tsinke ta isa.

To dubi mai kwasar. Yana tsaye cikin lambatu, mai ya kai masa idon sawu, wandonsa ya jiƙe har gwiwa, rigar ƙwallon da ke jikinsa ta roba ce wadda in ta ji wuta narkewa take ta manne da fata. Ya ɗauki minti goma yana shaƙar warin, kansa ya fara juyawa, ƙafafunsa sun yi nauyi. Bayansa mutum ɗari ne suna turereniya. Ta ina zai bi? Tankar da ke kwance gefensa kuwa tana ɗauke da lita 33,000 ko 45,000.

Kuma kada mai kallo ya ɗauka shi ya kuɓuta. A irin waɗannan gobara akan rasa waɗanda ko cokali ba su ɗiba ba: wanda ya zo ɗaukar bidiyo da waya, da uwar da ta zo janye ɗanta, da wanda ya ruga ceto bayan fashewar farko ta biyu ta rutsa da shi. In dai hancinka na jin warin fetur sosai, ka riga ka matso fiye da kima.

Abin yi ba shi da yawa. Ka bar wurin da ƙafa, kada ka ce sai ka tayar da babur ko mota da ke kusa da man. Ka nufi inda iska ke fitowa, ka nemi tudu, ka guji kwari da magudanar ruwa. Ƙa'idar masu aikin ceto ita ce a janye mutane kamar mita 300 ta ɓangaren da iska ke kaɗawa idan man ya zuba da yawa, idan kuwa tankar ta kama wuta, mita 800 ta kowace fuska. Kusan kilomita guda ke nan, ba tsallaken titi ba. Kana tafiya kana kururuwa a kashe murhu, a kashe janareta, a kwashe yara. Daga nesa ka kira 112, ko 122 na jami'an kiyaye haɗurra, a Nijar kuma 18 na 'yan kwana-kwana. Ka faɗi sunan gari, da abin da tankar ta ɗauko in ka sani, da ko wuta ta kama. Sannan ku samu majiya ƙarfi ku tsaya can nesa ta kowane ɓangaren titi ku tsayar da motoci. Wannan shi ne jarumtar da ake bukata a ranar, kuma aikin matasa ne, domin kafin motar kashe gobara ta iso daga babban gari ku ne kaɗai a wurin.

Game da ruwa kuwa, a kiyaye. Fetur ba ya gauraya da ruwa, a samansa yake yawo. Ka watsa bokitin ruwa a wutar fetur, ka ba ta abin hawa ne ta shiga gidan maƙwabci. 'Yan kwana-kwana kumfa suke fesawa ta lulluɓe man ta hana shi iska. Mu a gida da bakin teburin bumburutu, yashi ne namu, sai tukunyar kashe gobara mai hoda, ita ma ga ƙaramar wuta kawai, ana saita gindin wutar, hanyar gudu tana bayanka. Jarka ta ɓare a ɗaki? Kada a taɓa makunnin lantarki, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, a zuba yashi ya tsotse. Ɗabi'ar nan kuma ta ɗura wa janareta mai yana aiki, ko da zafinsa, don kada kallon ƙwallo ya katse, ta cinye shaguna da yawa.

Ta fuskar addini ma ba mu da mafaka. Man nan da mai shi, hatsari bai mayar da shi ganima ba. Kuma Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu. "In kwana ya ƙare ko a gado sai a mutu" gaskiya ce, amma ba hujja ba ce. Ina roƙon limamanmu da masu unguwanni su riƙa faɗin wannan tun kafin tanka ta faɗi, ba sai a wurin jana'iza ba. Gwamnati na da nata laifin, na ramukan titi da direbobin da ke kwana kan sitiyari da ƙarancin motocin kashe gobara. An hana tankoki masu lita 60,000 hawa titi daga 1 ga Maris na 2025, madalla, sai dai ƙananan ma faɗuwa suke.

Idan ƙaddara ta riga fata wuta ta kama tufafin wani, kada a bar shi ya ruga, gudu hura ta yake. A kayar da shi ƙasa ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko buhun algarara, ba na leda ba. Da wutar ta mutu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar har minti 20; a nan ruwa magani ne. Ban da ƙanƙara. Ban da man goge baki, da ɗanyen ƙwai, da manja, da gishiri, da baƙin mai, duk datti suke ƙara wa ciwon, sai ma'aikacin asibiti ya kankare su kafin ya fara aiki, mai ƙuna yana ihu. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, amma tufar da ta manne da fata a bar ta, kada kuma a fasa bororon. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama shi, a nufi asibiti.

Wanda kuma gashin hancinsa ya babbake, ko muryarsa ta dishe, ko yake tofar da baƙin yawu, a fara kai shi ko da fatarsa ba ta nuna komai ba. Zafin ya shiga maƙogwaronsa, kuma yana iya kumbura ya toshe masa numfashi bayan 'yan sa'o'i, alhali ɗazu yana tsaye yana magana da ku.