Wasan tuƙin jirgi da ba ya koya wa mutum tuƙi

Tun da na hau jirgin Abuja zuwa Kaduna nake sha'awar yadda direba ke sarrafa wannan ƙaton ƙarfe, shi ya sa na sayi wani wasan kwamfuta na tuƙin jirgin ƙasa.

Na zaɓi jirgin Jamus. Ban yi minti uku ba sai ƙara ta tashi, birki ya kama da kansa, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar daji. Na sake farawa, haka dai. Sai da na raba dare ina bincike na gane akwai na'urar da ake kira Sifa, wadda dole direba ya saki feda ya sake takawa duk daƙiƙa 30, don a tabbatar bai yi gyangyaɗi ba. Ga kuma PZB, mai ba ka daƙiƙa 4 kacal ka danna maɓalli idan ka wuce alamar gargaɗi. Haka direbobin can ke aiki, kuma ina son in iya. To me ya hana wasan ya rubuta mini kuskurena a allo lokacin da birkin ya kama? Layi ɗaya fa!

Abin da ya fi ƙona mini rai, in ka nemi a sauƙaƙa, sai a kashe komai gaba ɗaya, ka koma danna gaba da baya kamar motar yara. Ni so nake a kunna mini Sifa kaɗai yau, in na saba a ƙara PZB gobe.