Tattaki kaɗai ba ya riƙe ƙafar dattijo

Duk mai dattijo a gida ya lura da yadda yake tashi daga kujera. Idan sai ya dafa gwiwa, ya yi gaba ya yi baya sau biyu kafin ya miƙe, to tsokar cinya ce ta fara guduwa. Mu kuwa abin da muka iya shi ne "Baba zauna, bari in ɗauko maka." Niyyar mai kyau ce, amma a ganina cuta ce, domin tsokar da ba a ba ta aiki ba zubewa take yi.

Tun wajen shekara 30 mutum yake fara asarar tsoka, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, bayan 60 kuma abin ya ƙara gudu. Zafin nama ma ya fi ƙarfin tsoka saurin raguwa. Shi ya sa tuntuɓen da saurayi zai jefa ƙafa ya wuce, dattijo sai ƙasa, wani lokaci har da karayar ƙugu.

Tattaki yana gyara zuciya, ban musa ba, sai dai ba ya ɗora wa tsoka nauyin da zai sa ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, ban da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Masu cewa an makara kuwa, a 1990 Dakta Maria Fiatarone ta sa tsofaffi goma na wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, 'yan shekara 86 zuwa 96, ɗaga nauyi da ƙafa. Tara suka kai ƙarshen mako takwas, kuma ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kusan kashi 174 cikin ɗari. Kaurin tsokar kashi 9 kawai ya ƙaru. Ke nan ribar farko daga jijiyoyi take, ƙwaƙwalwa ce ke sake koyon tayar da tsokar da ta yi barci. Kada a karaya don ba a ga damtse ya kumbura ba.

A fara da gwaji. A jingina kujera mai ƙwari da bango, dattijon ya zauna ya rungume hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. Namiji ɗan 65 zuwa 69 da ya kasa kai 12, ko mace da ta kasa kai 11, haɗarin faɗuwa ya matso. Wannan tashi-zauna shi ne kuma babban atisayen: ya tashi da kuzari, ya sauka a hankali yana ƙirga uku, ban da faɗawa kujera jagwab. Sai tura bango da hannu biyu, jan roba mai talewa zuwa ƙirji, ɗage dunduniya yana dafe da bayan kujera, da hawa matakala ɗaya a sauko. Kowanne sau 8 zuwa 12, zagaye ɗaya a makonnin farko, daga baya biyu zuwa uku, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani. A bar awa 48 kafin a sake taɓa tsokar da aka wahalar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne nauyi. Sai a ba dattijo robar ruwa mai rabin lita ya yi ta lilo da ita wata shida, a ce yana atisaye. Idan ya yi 12 yana jin zai iya ƙara biyar, nauyin ya yi kaɗan. Biyun ƙarshe su zo da ƙyar, amma ba tare da jiki ya karkace ba. Da sun yi sauƙi a ƙara rabin kilo ko kilo ɗaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafin ba wuya. Ƙashi ma haka yake, sai ya ji nauyi yake ƙara ƙwari, shi kuma watanni yake ɗauka.

Kuskure na biyu riƙe numfashi a lokacin yunƙuri, wanda ke cilla jini sama nan take. A fitar da iska yayin ɗagawa, a shaƙa yayin saukewa. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, da wanda suga ya taɓa masa ido, su ga likita tukuna. Mai allurar insulin ya auna suga kafin ya fara, don tsoka mai aiki zuƙe suga take yi. Mai raunin ƙashi kada ya sunkuya da kaya a hannu ko ya murɗa baya. Ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu, gadon baya a miƙe.

Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku ba komai ba ne. Suka a cikin gaɓa, kumburi, jiri ko ciwon ƙirji kuwa, a tsaya nan take. Kuma kada a manta da ciki: dattijo na bukatar sinadarin gina jiki giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, wato mai kilo 60 giram 60 zuwa 72, a rarraba cikin abinci uku. Mai ciwon ƙoda ne kawai likita zai yanka masa nasa adadin.