Sanƙarau da yadda muke auna darajar mai bincike

Duk wanda ya taɓa zama da malaman jami'a a Gusau ko Birnin Kebbi lokacin da ake shirin ƙarin girma ya san hirar da ake yi: takardu nawa ka wallafa, a wace mujalla, sau nawa wasu suka ambaci aikinka a Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga ambaton takardun bincike. Tun daga 2005, lokacin da wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da ma'aunin da ya haɗa yawan rubutu da yawan ambato a lamba guda, lambar nan ta zama kamar shaidar ilimi. Ban raina ta ba. Aikin da babu wanda ya karanta, da wuya ya amfani kowa. Amma a fannin nazarin ƙwayoyin cuta da ƙwayoyin halitta, mu mutanen wannan yanki muna da wani ma'auni da ya fi wannan nauyi, kuma sanƙarau ne ya koya mana shi.

Bayan da aka yi rigakafin MenAfriVac, sanƙarau nau'in A da ya daɗe yana kashe mu ya ja da baya. Sai a 2013 wani sabon nau'in C ya ɓulla a Sakkwato, a 2014 ya shigo Kebbi. Samfurin da aka ɗiba daga jikin marasa lafiyarmu sai da aka kai shi Oslo ta ƙasar Norway kafin a tabbatar cewa sabuwar ƙwaya ce da ba a taɓa gani ba. Daga baya, da aka karanta ƙwayoyin halittarta, aka gano asalinta: bakteriya ce da ke zaune lafiya a maƙogwaron mutane, sai ta samu wasu ƙwayoyin halitta da suka yi mata kwanso, kwanson da ke kare ta daga garkuwar jiki, ta koma mai kisa. Wannan bincike ne mai daraja, kuma ya cancanci duk ambaton da ya samu.

Sai dai a ƙarshen 2016 cutar ta tashi daga Zamfara, ta kama sama da mutum 14,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 1,100, akasarinsu yara. Ilimin yana nan a mujallu, amma bai iso asibitin karkara da wuri ba. Makonni suka wuce kafin a tabbatar da nau'in da ake fama da shi, rigakafin da ya dace kuma bai wadata ba. Ko a Maris na 2025, da cutar ta sake tashi a Gwandu da Jega da Aliero, Abuja aka tura samfuri.

Wani zai ce aikin mai bincike shi ne ya gano, na gwamnati kuma ta aiwatar. Akwai gaskiya a ciki. Amma a dubi Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun. Ɗakin gwajinsa ya taimaka wajen tabbatar da Ebola a 2014, kuma a Maris na 2020 can aka fara karanta ƙwayoyin halittar korona a Afirka. Ambaton ya biyo baya, amma abin da ya fara yi shi ne gina wurin aiki a gida da horar da matasa.

Abin da nake so kwamitocin ƙarin girma su riƙa tambaya ke nan, ban da lissafin takardu: ɗalibai nawa ka koya wa yin gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cuta ta ƙwayoyin halittarta, da hannunsu? Wane asibiti ne ya sauya maganin da yake bayarwa saboda ka nuna masa ƙwayar ta daina jin wancan? Ma'aikacin da ya ɗebi ruwan ƙashin bayan yaro a Zurmi don gwajin sanƙarau, sunansa ya shiga takardar?

A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV mai kare nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Sanin ko yana aiki a garuruwanmu, da ko wata sabuwar ƙwayar na tafe, sai an ci gaba da gwaji duk bazara. Kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da ke shiga jami'o'in Gusau da Birnin Kebbi da Aliero ya kamata wani kaso ya tafi ga na'urar PCR, da firjin ajiye samfuri, da wutar sola da za ta riƙe su.