Filifins: Ana ba 'yan maɗigo maganin damuwa, an bar tushen ciwon

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ƙudirin SOGIE, mai hana nuna wa mutum wariya kan jinsinsa ko jinsin da yake so, yana jan ƙafa a majalisar Filifins. Tun 2000 Sanata Miriam Defensor-Santiago da 'yar majalisar wakilai Etta Rosales suka gabatar da shi. A 2017 majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 198, babu wanda ya ƙi, dattawa suka yi zaman dirshan a kansa. Hujjar masu adawa da ta fi ƙona rai ita ce wai dokokin da ake da su sun isa, ga ma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2018.

Sun isa ina? Dokar 2018 tana buɗe wa mace ƙofar likita ne bayan ta kamu. Ba ta da ta cewa kan shugaban kamfanin da ya kalli gajeren gashinta da wandonta ya ce a dawo gobe, ko iyayen da suka daina kiran sunanta sai "tomboy", laƙabin da ake yi wa 'yan maɗigo a can. Wadda ke ɓoye kanta a gida, a makaranta, a wurin aiki, kullum tana auna maganarta kafin ta fito, barci ne ke fara guje mata, sannan fargaba, sannan ciwon damuwa. Mai bincike Ilan Meyer na Amurka ya fayyace wannan tun 2003, kuma binciken Eric Manalastas na Jami'ar Filifins ya nuna tunanin kashe kai ya fi yawa tsakanin 'yan mata 'yan maɗigo fiye da sa'o'insu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta cire son jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990. Wariyar ce ke kwantar da su.

Dubi asibiti. Dokar Iyali ta 1987 ba ta san zaman mace da mace ba, don haka in ɗaya ta suma, wadda suka shekara goma tare ba ta da ikon sa hannu a yi tiyata. Birnin Quezon ya fito da katin Right to Care a 2023, takardar wakilci da ke ba ta wannan iko, amma abin bai game ƙasar ba.

Masu cewa ƙudirin zai halatta auren jinsi ba su karanta shi ba, babu maganar aure a ciki.

Dattawa su fito da shi zauren majalisa a kaɗa ƙuri'a, a kuma horar da masu ɗaukar kiran layin gaggawa na lafiyar ƙwaƙwalwa, 1553, su iya sauraron irin waɗannan mata ba tare da wa'azi ba.