Littafi Ya Faɗi Kuɗi, Mai Babur Ya Ce Albarka

Kwanakin baya ƙanena ya bugo mini waya daga Funtua, yana neman babur Boxer na hannu. Ya zagaya wurin dillalai uku, kowa da kuɗin da ya yanka masa. Sai ya ce, "Yaya, ku can ai kun huta. An ce akwai littafin da ake buɗewa a ga kuɗin kowane babur, babu ciniki, babu cuta." Na ce masa littafin kam akwai shi, amma hutun ne ban gani ba. Tun da muka ajiye waya maganar take cina, domin ni ma da wannan zaton na zo Columbus ta jihar Ohio shekara 6 da suka wuce.

Littattafan da aka fi sani a Amurka biyu ne. Akwai Kelley Blue Book, wanda wani mai sayar da motoci a Los Angeles, Les Kelley, ya fara bugawa a 1926. Akwai kuma na ƙungiyar dillalan motoci ta NADA, wanda ya fito a 1933, kamfanin J.D. Power ya saye shi a 2015. Yanzu galibi a intanet ake dubawa. Ka sa sunan kamfani da samfuri da shekarar ƙira, sai a fito maka da abin da shago zai ba ka idan ka kai naka musaya, da kuma abin da ake sa ran za a sayar wa mutum. A lura da asalin abin: Kelley ya fara ne da rarraba jerin motocin da yake son saye da kuɗin da shi zai iya biya. Wato tun ran gini, tun ran zane, takardar mai saye don ya sayar ce.

Da na tashi sayen nawa, Suzuki DR650 nake so, saboda ya fi kama da abin da na saba: inji mai silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, kuma tun 1996 kusan ba a sauya masa komai ba. Watan Afrilu ne. Na duba littafi, na riƙe lambar a kaina, na shiga Facebook Marketplace. Duk wanda na gani ya ɗara littafin nesa ba kusa ba. Na je gidan wani dattijo a bayan gari, na duba babur, na nuna masa wayata. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce in littafin yana da babur a wannan kuɗin, in je in saya a wurinsa, akwai mutum biyu da za su zo da yamma. Washegari na duba, ya cire tallar.

A Nuwamba na ga kishiyar haka. Wani maƙwabcina ya fito da Harley-Davidson da ya kashe wa dukiya wajen ado, salansa ta daban, sirdi na daban, ƙarafa sai walƙiya. Ya sa kuɗin littafi daidai, ya yi makonni babu ko mai tayawa. Sai da ya sauko ƙasa da littafin sosai kafin ya rabu da shi, adon nan kuwa ko sisi bai ƙara masa ba.

Dalilan a bayyane suke ga wanda ya zauna nan. Na farko sanyi. A Ohio, daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi suna tura babura gareji. Mai sayarwa a lokacin ya matsu ne, ko kuɗi yake nema ko wurin ajiya. Rana na fitowa kowa sai ya tuna yana son babur. Sannan baburan da ake sayarwa ba su kai ko kusa da yawan motoci ba, kuma da yawa hannu da hannu ake cinikinsu, a ƙofar gida, da tsabar kuɗi. Mai haɗa littafi ya fi ganin abin da ya bi ta shaguna da wuraren gwanjo. Ba ya ganin babur ɗin da ya yi shekara 3 a tsaye har fetur ya daskare a kafireta, tayoyi suka tsattsage, ko da milinsa kaɗan ne. Ba ya kuma ganin farin jinin wani samfuri. Daga 2020 zuwa 2022, da korona ta tsayar da masana'antu, sababbi suka yi wuya, na hannu ya yi tashin da littafi ya riƙa bi a baya yana haki.

Da abin ya tsaya a nan, sai a ce littafin shawara ce kawai, mai so ya ɗauka. Abin da ke ƙona mini rai shi ne akwai waɗanda a wurinsu lambar nan doka ce. Banki in zai ba ka rancen sayen babur na hannu, littafi yake dubawa. In mai babur ya ƙi sauka, cikon daga aljihunka zai fito. In aka yi haɗari babur ya tashi aiki, kamfanin inshora da irin wannan lissafi yake fara yi maka tayi, sai ka tattaro tallace-tallacen makamancinsa ka yi ta jayayya kafin a ƙara. Har haraji: a Texas, in ka sayi abin hawa na hannu a wurin mutum, ana karɓar kashi 6.25 cikin 100 ne a kan kuɗin da ka biya ko kashi 80 cikin 100 na ƙimar da hukuma ta ƙiyasta, duk wanda ya fi yawa. Ka yi sa'ar araha, a caje ka kamar ba ka yi ba. Mai kuɗi a hannu babu ruwansa da littafi. Wanda ke neman rance shi littafin ke ɗaurewa.

A gida kuwa littafinmu yana cikin kan dillali. Kuma in za a faɗi gaskiya, a kan sanin kuɗin yau, ya fi na nan. Dillalin babura a Funtua ya san da kaka, in manoma sun sayar da masara da waken suya, babur zai yi daraja. Ya san in damina ta kawo kai ana neman kuɗin taki, masu sayarwa za su yi yawa. Zai ta da inji ya kasa kunne, ya duba hayaƙin salansa, ya taɓa baƙin mai, ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi: an taɓa buɗe injin? Domin a wurinmu babur ba abin shan iska ba ne na ranar Lahadi kamar nan. Jari ne. Mai saye yana lissafin kwana nawa zai yi acaɓa kuɗinsa su dawo, buhu nawa zai ɗauka daga gona, ko bakaniken ƙauyensu zai samu fistan da ringinsa. Shi ya sa Boxer ke riƙe kuɗinsa, wani samfurin kuma da ya fi shi kyan gani ya faɗi da zarar ya fita daga kwali.

Wane littafi ne ma zai iya bin kasuwarmu? A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Dare ɗaya jarin dubban mutane ya zama kayan neman kai. A 2023 aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni, sabon Boxer ya yi ta hawa har ya haura naira miliyan 1. Mutane suka sayar da baburan da suka yi shekaru suna mora a kan kuɗin da ya fi wanda suka saya. Littafin nan an gina shi ne a kan cewa abin hawa kullum raguwa yake yi. A ƙasar da kuɗi ke zubewa fiye da yadda ƙarfe ke tsufa, kafin tawada ta bushe ya zama tsohon labari.

Ba wai ina wanke dillalanmu ba ne. Sanin nan nasu a cikinsu yake tsayawa, kuma wasu la'ada biyu suke ci, su danne mai sayarwa, su ɗora wa mai saye. Na ga yadda ake fesa wa tsohon babur fenti, a zuba masa baƙin mai mai kauri don ya ɓoye ƙara, a miƙa wa bawan Allah da ya sayar da ragunansa ya shigo gari. Amma littafin farashi ba zai ceci wannan mutumin ba, kamar yadda bai cece ni a ƙofar dattijon nan ba.

Abin da nake yi wa gida kwaɗayi a nan daban ne: takardar mallaka. Kowane babur na titi yana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a jikin ƙarfensa, tsarin da ake bi tun 1981, kuma lambar tana kan takardar da jiha ta bayar. A Ohio mai sayarwa ba ya sa hannu a takardar sai a gaban jami'in shaida mai hatimi. In banki na bin babur ɗin bashi, an rubuta. In inshora ta taɓa yanke cewa ya tashi aiki, an rubuta. Za a iya tsuga maka kuɗi, amma da wuya a sayar maka da na sata ka wayi gari a hannun 'yan sanda, abin da ya sami mutane da yawa a wajenmu, rasit ɗaya ya bi hannu biyar, na shida ya kwana a caji ofis.

Don haka na ce wa ƙanena ya manta da zancen littafi. Ya tambayi 'yan acaɓa biyar da suka sayi irinsa cikin watan nan nawa suka biya, ba nawa aka yi musu kuɗi ba. Ya tafi da bakanikensa, ba na dillali ba. Ya gwada lambar inji da ta jikin ƙarfe da abin da ke kan rasit na asali, a rubuta takardar ciniki a gaban shugaban dillalai da shaidu biyu. Na farkon da ya so, lambar injin ba ta yi daidai da rasit ba, dillalin ya ce ai inji aka sauya, har ya rage masa naira 40,000. Ya bar shi. Ranar kasuwa ta gaba ya sayi wani, ya ɗan fi tsada, mai shi na farko ne ya zo da kansa ya sa hannu.